Layin da Ba Shi da Hawa

Jama'a a gyara zama, masu tabarau su goge, masu hula su dafe. Ga mutumin da ya hana fitilun rabin garin nan shiga idon bayin Allah, likitan ƙwayar gilashi, mai ladabtar da haske kamar yaron da ya fitsare, kawuna na kaina, wanda direbobi ke kira Mai Layi. In ka gan shi ba za ka yarda ba. Gajere ne mai ɗan tumbi, tabaransa ɗaure da zare, aljihun rigarsa kullum yana kacau-kacau da ƙananan kusoshi.

Shagonsa gareji ne mai ƙofar ƙarfe da ake jawowa ƙasa. Komai na ciki ya sha baƙin mai, ban da bangon ƙurya. Wannan fari ne tas, duk shekara sai an sabunta masa fenti, gatan da ɗakin matarsa bai taɓa samu ba, kuma ta sha faɗa a gaban baƙi. Da rana tsaka Kawu zai sa a shigo da mota, ya ja ƙofa garejin ya yi duhu, ya kunna fitila a bangon, ya tsaya yana kallo kamar mai duba hoton asibiti.

Fitilun da yake gyarawa su ne masu ƙwayar gilashi zagayayya a ciki, kamar idon sa. A bayan ƙwayar akwai ɗan farantin ƙarfe da ke datse haske daga sama, shi Kawu fatar ido yake ce masa. In fitila tana da tarbiyya, layinta a bango yana kwance ta ɓangaren motocin da ke tahowa, sannan ya ɗan hau ta gefen titi, don direba ya ga mai tafiya a ƙasa da akuyar da ba ta san ciwon kanta ba. Matsalar ita ce motoci da yawa daga ƙasashen da ke tuƙi ta ɗaya hannun ake kawo su, hawan nasu sai ya faɗa cikin idon mai zuwa. Nan Kawu ke shigowa. Zai sa fitilar a tsohon murhun gasa burodi da ya kwashe daga kicin ba da izini ba, gam ya yi laushi, ya buɗe ta, ya zaro fatar idon, ya bi ta da magagari har hawan ya koma inda ya dace. Hawansa ba irin na kowa ba ne, a hankali yake tashi, da wani siririn zare shuɗi a bakinsa. Ya ce ko a cikin mota dubu zai gane nasa.

Shi ya raini ƙaninsu Auta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa riƙon magagari, da ɗiga jan fenti a kan duk kusar da aka ɗaure. Auta ya girma, ya yi aure, ya buɗe nasa shagon. Bai samu wuri a duk faɗin garin ba sai tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa. Ya sa allo mai walƙiya, ya sayo wani akwati mai taya da ke auna haske ba sai da bango ba, samari suna ɗaukar aikinsa a waya. Kawu ya ce shi ko kallo wurin bai ishe shi ba. A makon ne kuma ya matsar da bencinsa daga inuwa zuwa bakin ƙofa, inda rana ke gasa masa ƙeya, wai don iska. Tun da aka buɗe shagon bai taɓa tsallaka titin ba. Auta ne ke zuwa gaishe shi kowace safiya, shi kuma ya amsa yana duban takalmansa, yana auna ko sababbi ne.

Duk motar da ta tsallaka can, Kawu yana iya haɗiyewa, ya ce ai masu son walƙiya ne. Mutum ɗaya ne ba ya cikin wannan rangwame, wato Dogo, direban ƙaramar bas mai jigilar kaya, abokinsa tun suna wanke motocin mutane a tasha. Duk motar da Dogo ya taɓa riƙewa, hannun Kawu ne a idonta. In ana gardamar gwanaye, da Dogo Kawu ke rufe baki: a je a tambayi mutumin da ke kwana a hanya.

Wata safiya Dogo ya shigo da sabuwar bas, ƙwan fitilar hagu ya mutu. Ya ajiye makulli, ya ce zai je aski, ya tsokani tumbin Kawu, ya fita. Kawu ya canza ƙwan. Da a nan ya tsaya da ba labari. Amma hannunsa ya saba, sai ya ja ƙofa, ya kunna.

Layi ya fito a bango daga wannan kusurwa zuwa waccan, miƙe sambal, kaifi kamar an yanka da reza. Babu hawa ko na ƙwayar shinkafa. Kawu ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ɗaga murfin inji ya leƙa bayan fitilar, sai ga jan fenti ɗigo-ɗigo a kan kowace kusa, sabo, ko ƙura bai sha ba.

Ya daɗe a tsaye cikin duhun nan. Ba aikin ne ya fi cinsa ba, tunanin yadda aka yi ne. Wato Dogo ya zo titin nan, ya juya sitiyari ya ba shagonsa baya. Wataƙila ma ranar da shi Kawu ya je asibitin ido aka zaɓa. Ya hango su a ransa zaune su biyu, Auta yana ba Dogo kujera mai laushi, suna dariya, ƙila har an ambaci zaren tabarau. Sai kuma wani daɗi mai ɗaci ya taso masa: ashe yaron da akwatinsa da allonsa, hawa ma bai iya ba. Ya manta darasin farko. To, Dogo zai dawo ya ga bambancin uba da ɗan koyo.

Ya kunna murhun. Ya buɗe fitilun duka biyu, ya zaro fatun idon, ya ga yadda aka gyara bakinsu sumul har yatsa na zamewa, ya yi tsaki ya ɗauki magagari. Ya fitar da hawa irin wanda bai yi ba tun yana da gashi. Da ya mayar ya kunna, zaren shuɗin ya kwanta a bango, shi kansa sai da ya yi wa kansa murmushi.

Dogo ya dawo da kai yana sheƙi, ya sunkuyo ta ƙarƙashin ƙofa, ya ga bangon. Bai yi ihu ba. Zama ya yi a kan tsohuwar taya, ya riƙe sabon askinsa da hannu biyu. A hankali ya bayyana cewa hanyarsa ta canza, yanzu iyaka yake tsallakawa da kaya zuwa ƙasar da ake tuƙi ta ɗaya hannun. Hawan da ke haska gefen titi a nan, a can idon manyan motoci yake tsokanewa, su kuma su rama da nasu fitilun har ya daina ganin kwalta. Shi ya sa ya nemi layi kwance, wanda ba ya cutar kowa ta kowane hannu. Gobe da safe zai tashi.

Kawu ya tambaya me ya hana a zo wurinsa.

“Na zo, Mai Layi,” in ji Dogo. “A kan bencin can na fara maka maganar. Ban kai ƙarshe ba ka ce layin da ba hawa aikin rago ne, ka zuba mini shayi.”

Ƙarfen da magagari ya ci ba ya dawowa. Kawu ya ce a ba shi zuwa la'asar. Ya samo fallen ƙarfe, ya yanka sabuwar fatar ido, ya gwada, layin ya fito da ɗan tudu a tsakiya. Ya jefar ya sake, wannan ya karkata. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana hawa, da ya kai wurin sai ya ɗaga da kansa, kamar jakin da ya san kwanar gida. Idon ma, in za a faɗi gaskiya, ba ya raba kaifi da dishi-dishi kamar da. Dogo yana kan tayarsa, sai duban rana yake ta ƙasan ƙofa.

Can Kawu ya naɗe fitilun a tsumma, ya rungume su, ya fita. Mai faci da mai shayi suka bar abin da suke yi suna kallo, ya tsallaka titi kamar mai shiga kogi da kaya a ka. Auta ya miƙe da sauri, ya ce sannu da zuwa Yaya, ya jawo kujerar nan mai laushi. Kawu bai zauna ba. Ya buɗe tsumman a kan tebur. Auta ya dubi hawan, ya gane hannun, ya haɗiye abin da ya zo masa baki, sai ya ce zaren shuɗin nan har yau shi bai iya fitar da shi haka ba. Kawu ya ce ba yabo ya zo karɓa ba.

A tsaye ya kalli aikin har ƙarshe. Riƙon magagarin da Auta ke yi nasa ne, karkata kan nasa ne, har ɗan cije leɓen nasa ne, sai dai shi hannunsa ba ya ɗagawa. Wannan ya fi komai yi masa zafi, don ko wanda zai zarga babu.

Kafin la'asar layi ya koma kwance a farin bangon Kawu, domin ya rantse ba za a auna motar Dogo da akwati ba. Dogo ya tayar da bas, ya fito titi, ya yi wa Kawu oda, ya yi wa Auta oda. Kawu ya ce ta Auta ta fi tsawo.

Na same shi a bencinsa rana na dukan ƙeyarsa, na tambaye shi yadda yake so duniya ta tuna da shi, gwanin gwanaye ko uban masu layi, don in san abin da zan rubuta.

Bai ko ɗago ba. “Layin Auta ya fi miƙewa,” ya ce. “Tashi mini daga kan magagari.”