Jinjina ga Mai Cokali, Wadda Ta Ƙi Zubar da Ƙasa

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe ɗakin gwaje-gwaje, shekara talatin da ɗaya ke nan. Sai ta rataye mayafi, ta sa farar riga, ta ɗora tukunyar turara kayan aiki. Kafin masu manyan digiri su iso ta dafa abincin ƙwayoyin halittar da ake rainowa a ɗakin, ta zuba a ƙananan farantan gilashi ya daskare, ta jera su reras. Ba ta da ofis, kujera ɗaya gare ta kusa da wurin wanke-wanke. Kowa Mama yake ce mata, a bayan idonta kuwa Mai Cokali, saboda jakarta ba ta rabuwa da cokali. Ko biki ta je, in ta ga ƙasar da ta yi mata, sai ta durƙusa da kwalliyarta ta ɗiba.

Ga wanda bai sani ba, a cikin ƙasar da muke takawa akwai ƙwayoyin halitta masu fitar da sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Su ake nema a ɗakin nan, musamman yanzu da wasu cututtukan suka yi taurin kai, a yi allura a sha magani, ciwo yana nan daram. Aikin Mama shi ne shuka ƙasar a faranti, ta jira abin da zai tsiro. Amma tana da wata ɗabi'a da ba wanda ya sa ta. Kowace ƙasa aka kawo sai ta rage cokali ɗaya, ta shanya a inuwa, ta ɗura a kwalba, ta rubuta wuri da rana.

Da kwalaben suka cika kanta biyu, Dakta mai jagorantar binciken ya gaji. Mutum ne mai son tsari, ga kirki, ga gaggawa.

"Mama, mun riga mun ciro abin da muke so, yana cikin firiza," in ji shi. "Wannan tarkacen a zubar, don Allah."

"To, Dakta," ta ce.

Wanda ya san "to" ɗin Mama ya san ba amincewa ba ce. A jaka ta riƙa kwashe su biyar-biyar zuwa gida, ta jera a ƙarƙashin gado. Maigidanta ya leƙa, ya girgiza kai.

"Mutane suna sayen fili su gina, ke kina kawo mana shi a kwalba. Kuma cokulan gidan nan sun koma uku."

"Mu biyu ne, ai har da na baƙo," ta ce.

A cikin ɗaruruwan ƙwayoyin da suka tara, guda ɗaya ce ta fita zakka, lamba arba'in da bakwai. In aka ajiye ta kusa da ƙwayar da aka samo daga gyambon da ya ƙi jin magani, sai a ga fili fes ya zagaye ta, cutar ta kasa matsowa. Shekara shida Dakta ya yi a kanta. Saura wata biyu a aika da ita babban ɗakin bincike a tabbatar, in ba a aika ba a rufe aikin.

Sai aka dawo daga dogon hutu aka tarar firizar ta mutu. Wari ne ya tare su tun daga ƙofa. Duk abin da ke ciki ya narke ya lalace. Dakta ya zauna a kujerar Mama, ya dafe kai, can ya ce a koma inda aka ɗebo ƙasar.

"Gindin lemon gidan ƙanwata ne," Mama ta ce. "An sare lemon, an shafe tsakar gidan da siminti tun bara."

Tausayinsa ya kama ta sosai, amma ba ta son yin alkawarin da ba ta tabbatar ba. Washegari ta ajiye masa wata 'yar kwalba a kan tebur. Ya karanta rubutun, ya ɗago ya dube ta.

"Ba na ce a zubar ba?"

"Ka ce, Dakta. Ban dai samu lokaci ba."

Ta shuka faranti ashirin. Kwana uku, ba abin da ya tsiro sai tarkacen da ba a nema. Dakta ya ce ƙwayar ta mutu. Mama ta ce irin waɗannan ba sa son a tsaya musu a kai, ya je ya yi wani aikin. A rana ta tara ta ga wani ɗigo fari kamar garin alli, ƙasansa ja-ja. Ta ɗan ɗaga murfin, ƙamshin ƙasa na ruwan farko ya bugi hancinta, ta gane ta. Da aka gwada, filin nan fes ya sake bayyana. Waɗanda suke wurin sun ce Dakta ya cire tabarau yana ta gogewa, alhali ba abin da ya same shi.

Har yanzu ba ta zama maganin da ake ba majiyyaci ba, tafiyar da sauran nisa. Amma an aika da ita a kan lokaci, aikin kuma yana raye.

Ke ce, Mama, mai haƙurin jiran abin da ba ya sauri. Ke ce kika wanke farantin da wasu suka yi suna da shi, ba ki taɓa tsuke fuska ba. Mun gode. Allah ya sa hutun ajiye aiki da kika fara ya zo da lafiya, ya saka miki da alheri. Masu tasowa, ku dube ta ku riƙe ƙaramin aikinku da kyau, ko ba mai kallo.

Ranar sallamarta daga aiki maigidanta da kansa ya kawo kwalaben a kwali huɗu, yana murnar ya samu ƙarƙashin gadonsa. An yi musu kanta mai makulli. Mama ta buɗe jaka ta miƙa wa Dakta cokalin, ya karɓa da hannu biyu. Shekaranjiya an gan shi durƙushe a bakin wurin ajiye motoci da farar rigarsa, yana ɗura ƙasa a kwalba, yana rubuta wuri da rana.