Ranar da Sambo Ya Zauna Cikin Nono

Ku matso, ɗiyana da jikokina, ku ji abin da idona ya gani. Ban iya riƙe alƙalami ba, faɗa nake ana rubutawa.

A garin Ƙofa aka haife ni, nan aka yi mani aure, nan na haihu. Sana'ata matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Ina salla, ina azumi, ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Amma ina da zuciya. Garwashi ake kirana a bayan ido, da sunan ya zo kunnena kuwa sai ya yi mani daɗi.

Da kaɗan abin ya fara. Na jefi ƙanwata da ludayi, aka yi dariya. Na fasa tulun maƙwabciya don ta riga ni zura guga a rijiya, aka ce a ƙyale ni, halina ne. Akuyar mutane ta sa baki a hatsina, na karya mata ƙafa da dutse. Duk ran da na taso, maigidana, Allah ya jiƙan shi, sai ya ce, "Zauna tukuna, uwar ɗiya." In ce, "Ni ba a zaunar da ni."

Akwai wata Bafillatana, Shatu, rugarsu na bayan gonarmu. Ita ke kawo mani nono tun ina goyon fari. Wasa muke da ita. Ta ce mani Kaɗo mai warin ƙuli, in ce mata mai bin wutsiyar saniya.

Wata kaka shanunsu suka ƙwace, suka faɗa kan gyaɗar da na shanya, suka ci, suka tattake saura. Da hantsi ina daka a tsakar gida sai ga Shatu da ƙwarya bisa kai, da curin man shanu a hannu. Ban-haƙuri ta zo, sai dai ta fara da wasan da muka saba.

"Kaɗo, shanuna sun ce in yi maki godiya, wai gyaɗar bana ta yi mai."

Na ɗaga taɓarya na kai duka. Ƙwaryar na nufa, Allah shaida ne. Amma taɓarya ba ta tsaya a ƙwarya ba. Shatu ta faɗi, nono ya malale, jini ya bi cikinsa.

Kafin a jima labari ya kai ruga. Ɗanta Sambo, ƙaton makiyayi, ya faɗo gidan ba sallama, 'yan uwansa na biye da sanduna. Mazan garinmu su ma suka ɗauko fartanya da gatari suka cika ƙofar gida. Kowa ya san in sandan nan ya sauka a kaina, ran nan sai an yi jana'iza a gari da ruga.

Ya tsaya a kaina, ya ɗaga sanda. Idonsa jajir, jikinsa na ɓari. Na rufe ido ina jira.

Sai na ji ya ce a'uzu billahi. Na buɗe ido, na ga ƙaton nan ya zauna daɓas a ƙasa, cikin nonon uwarsa. Ɓarin bai bar shi ba, sai ya kwanta, kuncinsa a turɓaya, haƙoransa na haɗuwa. Na ɗauka farfaɗiya ce ta kama shi. Can ya ce, "A ba ni ruwa." Maigidana ya miƙa mashi buta. Ya yi alwala. Sannan ya tashi, ya saɓi uwarsa a kafaɗa, ya ce da 'yan uwansa, "Ku sauke. Akwai hukuma."

Suka sauke. Namu ma suka sauke.

Aka kai ni gaban alƙali a Kankia, aka ɗaure ni. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ina gidan yari. Can na san zama, don in mai gadi ta ce zauna, zama ake yi. Ina ciki maigidana ya rasu, ban ga gawarsa ba.

Wata malama na zuwa tana yi mana karatu. Ran nan ta ce Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hori wanda fushi ya zo mawa ya nemi tsari daga shaiɗan. In yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, kuma ya yi alwala, don fushi wuta ne, ruwa ke kashe shi.

Na ce, "Malama, sake faɗa." Ta sake. Ashe abin da na kira farfaɗiya, umarnin Annabi ne yaron nan ke bi, ɗaya bayan ɗaya, uwarsa na kwance cikin jini. Ni da na girme shi, gyaɗa ta hana ni zama. Na yi kukan da ban yi ba ran da aka yanke mani hukunci.

Da aka sake ni, ban fara shiga ɗakina ba, ruga na nufa. Shatu na nan da rai, amma wuyanta ya daina ɗaukar ƙwarya, kunne ɗaya ya mutu. Na tsaya bakin bukkarta. Ta juyo mani kunnen mai ji, ta dube ni, sannan ta janyo tabarma.

"Kaɗo, har yanzu a tsaye kike? Zauna."

Na zauna. A zaune na roƙi gafara, a zaune ta yafe.

To ɗiyana, kada ku ji daɗi don ana tsoron zuciyarku. Ran da kuka ji ƙirji ya ɗau zafi, ku ajiye abin da ke hannunku, ku kai jikinku ƙasa, ko cikin taɓo ne, ko gaban wa kuke. Ni sai da aka kulle mani ƙofa na koyi zama. Ku ku zauna tun ƙofarku na buɗe.