Mutumin da Aka Hana Shayar da Masara

Shekara talatin da ɗaya Baban Shuka ya yi yana aiki a gidan gilashi na cibiyarmu ta binciken amfanin gona, kuma kowa ya san shi da abu ɗaya: shuka ba ta lalacewa a hannunsa. To wannan bawan Allah aka haɗa ni da shi, ni da aikina shi ne in wahalar da masara.

Yana saurayi ya zo cibiyar, lebura mai ɗaukar ƙasa da taki. Bai yi nisa a boko ba, amma sai ya tura yatsa cikin tukunyar shuka ya ce, "Wannan gobe za ta nemi ruwa," kuma goben ta nema. Bai taɓa ɗaukar hutu cikakke ba, wai wa zai bar wa. Wata rana matarsa ta kawo masa maganin hawan jininsa da ya manta a gida, ta dube ni ta ce, "'Yata, ni da 'ya'yansa bakwai a bayan layi muke. In ina son ya tambayi lafiyata, sai dai in shiga tukunya in tsaya." Ya yi dariya, bai musa ba.

Ni kuwa digiri na uku nake yi, na riga na cinye shekara huɗu, cibiya ta rubuto mini cewa wannan ce ta ƙarshe, ko in gama ko in tattara. Abin da nake bincike ba shi da wuyar faɗa. A cikin kowace ƙwayar halitta ta shuka akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira mitokondiriya. Nan shuka take numfashi, nan take ƙona sukarinta ta samu ƙarfi, kuma masu yin aikin su ne sinadaran da muke kira enzayim. Idan ƙishirwa ta matsa mata, babbar hanyar numfashin takan cunkushe, sai wani enzayim ya buɗe 'yar ɓarauniyar hanya. Ƙarfin da ake samu ta nan kaɗan ne, amma shukar ba ta ƙonewa daga ciki. Wannan enzayim ɗin nake son in auna, kuma ba ya ƙaruwa sai shuka ta ji jiki.

Na jera tukwane tamanin, na ɗaura wa arba'in jan ƙyalle. Na ce, "Baba, masu jan ƙyallen nan, kwana goma sha huɗu kada su ga ko ɗigo."

Ya dube su, ya dube ni. "Laifin me suka yi?"

"Ba laifi, Baba. Bincike ne."

"To," ya ce. Da na san irin wannan "to" ɗin, da ban kwana da murna ba.

Kwana goma sha huɗu suka cika, masarata tana nan shar da ita. Ganyen masara mai ƙishirwa nannaɗewa yake yi, nawa ko gezau. Na yanka, na daka a ƙaramin turmi da ruwan naitirojin mai daskarar da yatsa, na sa a na'urar da ke auna iskar da suke shaƙa. Enzayim ɗin bai motsa ba, daidai yake da na waɗanda ake shayarwa kullum. Na sake shuka sabuwa, na sake jira, haka dai.

Farfesan da ke duba aikina ya ga sakamakon, ya cire tabarau ya miƙe tsaye. "Kin san abin da kika gano? Irin masarar da ba ta jin fari!" Kafin mako ya ƙare ya gaya wa darakta, darakta ya gaya wa baƙi, aka riƙa kawo mutane masu kwat suna ɗaukar hoto da tukwanena. Baba yana gefe riƙe da tsintsiya, yana karɓar gaisuwa kamar uban amarya. Ni kaina na fara tafiya a hankali a baranda, saboda masu gano abubuwa ba sa sauri.

Da na yi shuka ta uku, Farfesa ne ya ce, don a cika ƙa'ida kafin a rubuta, in riƙa ɗora tukwanen a sikeli kullum a ga yadda ruwansu ke raguwa. Abin da ya kamata in yi tun farko ke nan, lalaci ya hana ni, na yarda da ƙasar da na gani a bushe a sama. Na auna da yamma, na auna washegari da hantsi. Tukunyar da ta yi kwana tara ba ruwa ta ƙara nauyi. Na canza sikeli. Ta dai ƙara nauyi. Duk arba'in ɗin.

Washegari ƙarfe shida da rabi na safe na shiga gidan gilashin. Ga Baba a durƙushe, da murfin fulas ɗin shayinsa a hannu, yana tsiyaya ruwa a farantin da ke ƙarƙashin kowace tukunya, yadda saiwa za ta sha ta ƙasa, sama kuwa ta zauna a bushe.

"Baba! Me kake yi?"

Ko firgita bai yi ba. "Ba ban-ruwa nake ba, 'yata. Maƙogwaro kawai nake jiƙa musu."

"Tun yaushe?"

"Wannan karon tun kwana na huɗu. Na farkon na daure har biyar."

"To jan ƙyallen fa? Don me na ɗaura shi?"

"Ai shi ya taimake ni. Da ba ki ɗaura ba, sai na bi ɗaya bayan ɗaya ina dubawa."

Wallahi ban san lokacin da na fara ihu ba. Na gaya wa sa'an mahaifina maganganun da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na ce ya kashe mini wata uku, ya mayar da ni abin dariya, saura shuka ɗaya tak lokaci zai ba ni, in ta lalace shekaruna biyar sun tafi a banza. Ya saurare ni har na gaji na zauna a kan buhun taki ina kuka. Sannan ya ce, a hankali, "Ni na ɗauka kina son ki ga ko za su rayu ne. Ban san wahalar kike so ba."

Na je na gaya wa Farfesa ruwa yana shiga tukwanen. Ban ce daga ina ba, shi ma bai tambaya ba, ya ɗaga kai ya ce rufi ne ke yoyo. Rufin da Baba ya yi shekara shida yana roƙon a gyara, aka gyara shi cikin mako guda. Maganar masarar da ba ta jin fari kuwa, babu wanda ya sake tayar da ita.

Na yi tunanin in karɓe makullin gidan gilashin daga hannun Baba in sa wani, amma wa zai kula da ɗaya arba'in ɗin kamar shi? Na same shi na ce, "Baba, roƙonka nake. Kwana goma sha huɗu." Ya ce, "Na yi miki alkawari."

Ya kuwa cika. A kwana na shida ganye ya fara nannaɗewa, Baba ya juya bencinsa ya fuskanci bango. A na tara ya daina cin abincin rana a ciki. In zai shayar da marasa ƙyalle sai ya zagaya ta bayan layin masu jan ƙyalle, kansa a sunkuye kamar mai wuce gidan da ya yi wa laifi. Ni kuwa kullum ina auna tukwane, suna ta sauƙi, raina yana ta fari. Na rame don fargaba, shi ya rame don tausayi, masarar ma ta rame, ita kaɗai a cikinmu aka sa ta.

Ranar da na'ura ta fitar da sakamako na kwaso takardar da gudu, har takalmina ya fita a baranda. Na same shi yana wanke faranti.

"Baba, ya yi! Enzayim ɗin ya ninka sau shida! Na tsira!"

Ya goge hannu a rigarsa. "Wato sun sha wahala sosai."

"Sosai!" na ce, haƙorana duk a waje.

"Madalla. Allah ya sanya alheri. Kin gama da su?"

Na ce na gama. Ya cika butar ban-ruwa har baki, ya nufi layin masu jan ƙyalle. Babu abin da ya saura a cikinsu sai kututturen da na yanke da busasshen ganye. Ya durƙusa a gaban ta farko, ya zuba mata har ruwa ya cika faranti ya malalo ƙasa.

Na ce, "Baba, sun mutu fa."

"Na sani," ya ce, ya matsa zuwa ta biyu.