Maƙerin da Ya Ƙi Shan Koko

Da sassafe nake ganinsa a tashar Rogo, muna jiran motar Kano ta cika. Dogon dattijo ne, rigarsa ta yi masa yawa, alamar bai daɗe da ramewa ba. Bayan hannayensa duk tabon tartsatsin wuta ne, shi ya sa nake zaton maƙeri ne. In tari ya taso masa, yakan dafa gwiwa har ya lafa, sannan ya gyara zama.

Mai koko ta miƙo masa kofi. "Baba Nasidi, ka ɗan sa wani abu a cikinka."

"Na gode, 'yata. Likita ya hana ni cin komai sai an gama."

"Aiki za a yi maka?"

"A'a, babu yanka. Kaluluwa ce ta kumbura a cikin ƙirjina. Za su zura mini siririyar roba ta maƙogwaro, mai na'urar hoto a bakinta. Ita za ta nuna musu wurin, sai allura ta tsakuro kaɗan su duba."

Tana dafe da ƙirji tana salati, shi kuwa yana bayani kamar mai kwatanta hanyar gona. Babu wanda ya rako shi. Ina jin a gida an so ya ci gaba da jiƙe-jiƙe ne, ya ƙi.

"Ba ka jin tsoro, Baba?"

"Ina ji mana. Amma na gaji da shan maganin ciwon da ban san sunansa ba."

Direba na cewa a shiga, shi ya fara miƙewa.