Baba Mamuda Da Layin Farko

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1995, labari ya same ni a Wara cewa Baba Mamuda mai littattafai na bakin ruwan Yelwa ya rasu bayan gajeruwar jinya. Na yi kuka, Baba, amma duk abin da na tuno game da kai sai ya sa ni murmushi.

Rumfarka tana dab da inda jirage ke lodi. Littattafan soyayya kana sayar da su ba gardama, amma na kisan kai da bincike, waɗannan sai sun ci jarrabawa. Ka kan jira har direban jirgi ya fara kiran fasinja, sannan ka buɗe sabon littafi ka karanta layin farko da ƙarfi, ka rufe. In wani ya tsaya da ƙafa ɗaya a ruwa yana jiran ci gaba, littafi ya samu wuri a kan tebur. In kowa ya wuce, littafin ya zama maficin fifita. Na taɓa jin ka karanta wani da ya fara da wayewar gari da kukan tsuntsaye, ka ce, “Wanga marubuci bai tashi barci ba, mu bar shi shi huta.” Juma'ar da za ta yi kyau, in ji ka, tun daga Laraba ake gane ta.

Wakili, direban jirgin Wara, ya sha yin faɗa da kai saboda kana riƙe masa fasinja. Kullum ku rabu da rantsuwar ba za ku ƙara magana ba, kullum ku ci gasasshen kifi a faranti ɗaya.

Ni malamin firamare ne mai kwaɗayin zama marubuci. Na sha kawo maka farkon littafina, kana karantawa, fasinja na wucewa ko waige babu. Ba ka taɓa yi mini ƙarya ba, ba ka kuma taɓa barina na hau jirgi da yunwa ba. Bara na gaji. Na gaya wa matata cewa in wannan karon ma ya faɗi, takardun na mai ƙosai ne, na bar rubutu har abada.

Da na kawo maka sabon farkon, ka karɓi takardar, ka jira Wakili ya tada inji, ka ɗaga murya: “Mutumin da ya fi kowa iya iyo a ƙauyen, shi aka tsamo daga ruwan da bai kai gwiwa ba.”

Fasinja suka ci gaba da shiga. Sai ƙarar injin ta ɗauke. Wakili da kansa ya kashe shi, ya juyo yana harararka.

“Wanga ba aikin ruwa ba ne. Wa yak kashe shi?”

Ka yi dariya har da hawaye, ka miƙo mini takardata. “Tafi ka gama, ɗana. Kuma kada ka gaya mini ko wane ne. Sai an buga in karanta da kaina.”

Na gama, Baba. Littafin yana wurin masu ɗab'i a Kano, wata mai zuwa zai iso Yelwa. Na cika alkawari, ban gaya maka ba, kuma yanzu babu halin in gaya maka. Wannan ne kaɗai ke yi mini ciwo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna Dudu da 'ya'yanka, da Wakili, wanda ya ɗaure jirginsa ranar jana'izarka bai ɗauki kowa ba. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka makwancinka. Kai da ka yi mana kyakkyawan farko, Allah Ya sa Aljanna ce ƙarshenka. Amin.