Hulata a Layin Gaba

Shekarun baya, tun gashin kaina bai fara ja da baya ba, na yi wa ƙanina wani abu da a ganina alheri ne. Sai da aka shekara shida sannan na gane abin da na aikata. Maganar ta wuce, a gida ma ba mai tayar da ita, amma ni ba ta sake ni ba, shi ya sa na ce bari yau in ba ku labarin.

Shekara goma na ba shi. Mahaifinmu ya rasu muna zaune a wani flat na council, gidajen hayar gwamnati, a unguwar Edmonton ta London, ƙanina yana ɗan shekara tara, sai kawai na wayi gari ni ne uba. Ban iya aikin ba, don haka na kama abu ɗaya na riƙe shi hannu bibbiyu, wato tarbiyya. Babban tsorona kada a ce 'ya'yan marigayi sun zama Turawa. A gaida babba a durƙushe, kada a kalle shi cikin ido, kada a ɗaga masa murya. Dokokin da ni kaina a Kano ban cika su ba, su na ɗora wa yaron da ya tashi a London.

A bayan gidajenmu akwai wani filin ƙwallon kwando da aka zagaye da waya, a nan yake wuni. Wata Asabar, yana da shekara goma sha huɗu, ba su cika ba saura mutum ɗaya, sai na cire agogo na shiga. Ni kuwa gudu kawai nake yi ina haki, duk inda na tsaya sai ya zamana na tare wa wani hanya. Ana cikin haka ƙanina ya taho da ƙwallo, ya nuna ni da yatsa, ya daka mini tsawa: "Move! Ka matsa can!" Abokansa suka kwashe da dariya.

Raina ya ɓaci. Na karɓe ƙwallon na sa a hammata, wasa ya tsaya. Na ce, "Ni kake nunawa da yatsa? Ni kake ɗaga wa murya?" Na sa shi ya durƙusa a kan simintin nan, a gaban duk abokansa, ya ba ni haƙuri. Ya ce, "Yi haƙuri, Yaya," kansa a ƙasa. Na koma gida ina jin na yi aikin uba. Da na ba mahaifiyata labari ba ta yaba mini ba, cewa kawai ta yi, "Ka dai riƙa sassautawa." Ban sassauta ba, don ban ga abin sassautawa ba. Daga ranar, duk abin da na faɗa amsarsa ɗaya ce: "To, Yaya."

Allah ya ba shi hannu a wasan. Da ya gama sakandare wata kwaleji a Amurka ta ɗauke shi karatu kyauta don ya buga mata. Matsayinsa shi ake kira point guard. Shi ne mai taho da ƙwallo daga baya, shi ke faɗa wa sauran huɗun inda kowa zai tsaya da lokacin da zai motsa. Duk ranar Lahadi bayan cin abinci mukan kunna wasansa na makon a laptop. Mahaifiyata ba ta son kiɗan da ake yi a filin, don haka kullum a kashe sautin yake. Shekara huɗu muna kallonsa ba murya. Takan ce, "Ji yaron nan da nune-nune, sai ka ce ɗan sandan kan titi." Ni ma abin yakan ɗan sosa mini rai, amma sai in ce ai sa'o'insa ne.

Da ya dawo da digirinsa, magana ɗaya ake yi a cikin 'yan uwa: zai iya zama ƙwararre ya ci abinci da wasan, ko kuwa abin na makaranta ne kawai? Wani abokina likita, bayan mun sauko daga Juma'a a Whitechapel, ya ce mini, "Malam, kada ka sa rai da yawa. Ƙaninka ba shi da tsawo. Kuma wasan kwaleji na samari ne, wancan kuwa magidanta ne masu kare tuwonsu." Na yi ta musu da shi har bakin tashar jirgin tube, ni da ko dokokin wasan ban gama sani ba. A mako guda na zama masani, har lissafin tsawon 'yan wasa nake kawowa.

Sai ga wata ƙungiyar ƙwararru a nan London ta kira shi gwaji na kwana uku. Gurbi ɗaya ne, su biyu ke nema. Wanda aka ɗauka zai sa hannu a kwantiragin shekara, ɗayan kuma ya kama gabansa. Kwana biyun farko shi kaɗai ya je, yakan dawo fuska a sake, har da tsokanar mahaifiyarmu a kicin. Rana ta uku ce za a haɗa su da manyan 'yan wasan ƙungiyar a yanke hukunci. Da na ji an yarda ɗan uwa ɗaya ya shiga kallo, nan take na yi booking ɗin hutu a wurin aiki.

Ya same ni ina goge shadda. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ba sai ka zo ba."

Na ce, "Haba, ina zan ƙi zuwa?"

Ya ce, "Honestly, kada ka wahalar da kanka. Zan kira ka da an gama."

Kun san mu. Idan ƙarami ya ce kada ka wahalar da kanka, kara ce yake yi maka, kai kuma sai ka nuna masa ba wahala ba ce. Haka na fassara maganar. Na ce masa ko da ƙafa ne zan je. Ya ce, "To, Yaya."

Na sha farar shadda, na kafa hula zanna bukar, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Zauren babba ne amma fayau, ba 'yan kallo, ƙarar takalmi ma sai ta amsa. Kujeru ɗari-ɗari ba kowa, amma ban ga ta zama ba sai ta layin gaba, daf da filin. Na harɗe hannu a ƙirji. Haka nake zama idan na mai da hankali, kuma an sha gaya mini fuskata takan ɗaure ba tare da na sani ba.

Aka fara. Gudu, juya ƙwallo, jifa, duk ƙanina ya fi ɗaya yaron, ko makaho zai shaida. Amma shiru yake wasan. Ɗayan kuwa bakinsa bai huta ba. Yana kiran manya da sunansu gatsau, yana nuna su da yatsa, har na ga ya dafa bayan wani ƙato da ya kusa haifarsa ya tura shi inda yake so. Na girgiza kai na ce a raina, wannan marar kunyar ai ya kori kansa.

Akwai lokaci ɗaya da har yau nake ganinsa. Ƙanina ya taho da ƙwallo, wani babban ɗan wasa mai furfura a gemu ya tsaya a inda bai kamata ba, ya toshe hanya. Ƙanina ya ɗaga hannu, ya buɗe baki. Sai idonsa ya zo kaina. Ya sauke hannun, ya zagaya mutumin, ya yi ta buga ƙwallo a ƙasa yana jiran ya gane da kansa, har lokacin da aka ba su na jifa ya ƙare, aka busa. Kocin ya cire hularsa ya shafa kai. Ni kuwa daɗi ne ya kama ni. Na ce ka ga ɗan gidan mutunci.

Ban tsaya nan ba. Da aka tashi na je na gaida kocin, na ƙi sakin hannunsa, na shiga tallar ƙanina. Na ce masa yaron nan ni na rene shi, kuma na yi masa alkawari ba zai taɓa jin ya ɗaga wa wani babba murya ba. Ƙanina yana gefe yana ɗaure jakarsa, bai ɗago ba. Kocin ya dube ni ya ce, "Abin da ke damuna ke nan. Jiya da shekaranjiya har daga ofis nake jin muryarsa. Yau ban san inda ya baro ta ba." Kun san abin da na ce? Na ce wataƙila mura ce, don sanyi ya shigo.

Washegari aka kira shi. Ɗaya yaron aka ɗauka. An ce ƙanina yana da hannu da ido, amma suna neman wanda zai iya jan ragamar manya idan wasa ya yi zafi. Na yi ta faɗa a falo, na ce son kai ne, na ce tsawo ne, har na ce don sunansa ne. Shi dai yana zaune yana kallon kafet. Ya shekara yana aika bidiyonsa nan da can, an kira shi gwaji sau ɗaya a wata ƙasa bai dace ba, sai kiran ya ɗauke. Sababbin yara suna ta fitowa daga kwaleji, ba mai jiran na bara. Ya nemi aikin ofis, ya yi aure, takalman suka koma saman wardrobe. Abokina likita ya ce, "Ai na gaya maka, tsawo ne." Na yarda da shi, don maganar ta yi mini sauƙi.

Shekara shida bayan nan, wata Lahadi da la'asar, mahaifiyata ta ba ni kular dambun nama in kai masa. Da na je gidansa matarsa ta ce yana zauren wata makaranta, inda yake buga wasan sha'awa da wasu ma'aikata irinsa. Ina shiga barandar na ji wata murya tana tashi daga ciki, mai kauri, mai iko, tana rarraba mutane. Ban gane ta ba. Na ce a raina wannan kocin nasu ba wasa. Da na leƙa ta gilashin ƙofa, sai na ga ƙanina ne. Yana nuna wani dattijo mai sanƙo da yatsa yana ce masa ya koma kusurwa, dattijon kuma yana gudu yana murmushi. Kowa a filin da muryarsa yake motsi.

Na tura ƙofar na shiga. Ya juyo ya gan ni, muryar ta ɗauke ɗif, kamar an zare wayar rediyo. Ya ci gaba da wasan shiru. A tsaye nake da kula a hannu, maganar kocin nan ta dawo mini kalma bayan kalma.

A wurin ajiye motoci na tare shi. Na ce, "Ranar gwajin nan, ni ne ko?"

Ya ce, "Yaya, ƙaddara ce. It's long gone."

Na ce, "Ba ƙaddara na tambaye ka ba."

Ya daɗe yana juya makullin mota a hannunsa. Sannan ya ce, "I tried. Wallahi na buɗe baki. Sai na hango hularka."

Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba. Na ba shi haƙuri, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife shi, ya ce ba komai, har ya ƙara da cewa wataƙila ko an ɗauke shi ba zai yi nisa ba. Mai yiwuwa gaskiyarsa ce. Da yawa sun yi fice a kwaleji sun zo wurin ƙwararru sun ɓace, kuma tsawon ma ba ƙarya ba ne. Amma da ya faɗi gwajin da muryarsa, da mun san iyakarsa, mun haƙura. Yanzu ba wanda zai taɓa sani, kuma ni na jawo.

Don in rage nauyin da ke ƙirjina na ce masa, "To yi mini tsawa yanzu, ko sau ɗaya. Ka ce in matsa." Ya yi dariya, ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "To, Yaya." Bai yi ba. Ba zai iya ba.

Ban daina ganin girmama manya abu ne mai kyau ba, 'ya'yana ma suna gaisuwa. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, na ɗauka ladabi nake koya masa, ashe tsoro na dasa, kuma daga waje kamarsu ɗaya. Ban kuma san cewa wani lokacin idan ƙarami ya ce ba sai ka zo ba, iyakar abin da zai iya faɗa ke nan, roƙonka yake yi. Wannan yana ci mini rai har gobe.

Yanzu wasu Lahadin nakan hau bas in je makarantar nan, ba tare da ya sani ba. Ba na shiga. Akwai wani benci a barandar, nesa da gilashin ƙofa, a nan nake zama in cire hula in ɗora a gwiwa. In yi ta sauraren ƙanina yana daka wa manya tsawa, har a busa tashi. Kafin a buɗe ƙofa na bar wurin.