Ƙarfen da Ya Ƙi Narkewa a Maƙerar Baba

Bana shekara arba'in da rasuwar Baba, maƙerin tukwanen alminiyam a Fagge. Allah ya jiƙansa, mutum ne da ko gaisuwa ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Ƙarfe kuwa ba ya shiga wutarsa sai ya ƙwanƙwasa shi ya saurari ƙararsa.

Mutum ɗaya ya yarda da shi, Yohanna, mutumin Zariya mai sayar da tarkacen ƙarfe a Sabon Gari. Tare suke cin goro, kuma kayansa kaɗai Baba ke sawa a wuta ba gwaji. Ana dab da samun 'yancin kai, Yohanna ya kawo masa wani guntu ruwan toka, mara nauyi, ya ce daga jikin jirgin sama ya fito.

Baba ya jefa shi cikin narkakken alminiyam, aka yi ta zuga har gawayi ya ƙare. Guntun ya yi ja, amma ko gezau, zubin ranar kuma ya lalace. Da yamma ina tsakar gida na ji su a zaure.

"Yohanna, me ka kawo mini?"

"Malam, wanda ya ba ni ya rantse akwai alminiyam a ciki."

"Da akwai, da wuta ta fito da shi."

Daga ranar bai sake taka rumfar Yohanna ba. Inna ta yi magana har ta gaji. Guntun ya zama matokarin ƙofarmu, kullum Baba ya zo wucewa sai ya harare shi.

Bara na faɗi na karya ƙugu. Likita ya ce za a sa mini ƙarfe, ni kuwa 'yar ubana ce, na ce sai na san ko mene ne. Ya ce titaniyam ne haɗe da alminiyam kaɗan da banadiyam, irin na jiragen sama, kuma in sun haɗu wutar gawayi ba ta raba su. Nan take na tuna maganar Yohanna: ashe mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Ban rantse irinsa ne guntun nan na Baba ba, amma tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Na san Baba, da yana nan sai ya ƙwanƙwasa ƙugun nan nawa kafin ya yarda. Tukwanensa har yau ana girki da su a Rijiyar Lemo, halinsa na zargi kuma ni na gada. Abin da ke ci mini rai shi ne, Yohanna ya zo jana'izar Baba, ya tsaya can nesa, babu wanda ya ce masa ya matso.